Koriyar Hular da Ban Saya Ba

A garinmu, can bakin kogin Weser, ba a tambayar ɗan babbar makaranta ajinsa. Kansa ake kallo. Kowane aji da launin hularsa: 'yan aji ɗaya shuɗiya, 'yan aji biyu ruwan ɗorawa, aji uku ja, aji huɗu koriya, haka har zuwa farar hular manyan nan masu tsiron gashin baki, waɗanda ko mai gasa burodi sai ya rusuna musu kaɗan. Shekarar karatu a lokacin bikin Ista na coci take ƙarewa. Wanda ya ci jarrabawa ya sauya hula. Wanda ya faɗi kuwa ya ci gaba da launin bara, shekara guda cur yana yawo da sakamakonsa a ka, daga kasuwa har coci. Ban san wanda ya ƙirƙiro wannan tsari ba, amma na tabbata shi bai taɓa faɗuwa a Latinanci ba.

Ni na faɗi. Istar shekarar 1927 ce, ina da shekara goma sha uku.

Sauran kayan da muke sawa babu abin alfahari a cikinsu. Gajeren wando ne ko da ƙanƙara na zuba, sai doguwar safar ulu mai ƙaiƙayin tsiya da take kaiwa har cinya. Don kada ta zame, ana maƙale ta da igiyoyin roba a jikin wata 'yar shara ta ciki mai maɓallai, sak irin wadda ƙanwata Irmela take sawa. Dukkanmu muna sa 'yar sharar nan, kuma dukkanmu muna rantsuwa ba ma sawa. Dogon wando sai ranar da aka tabbatar da kai a coci. Saboda haka daga wuya zuwa ƙasa kai jariri ne. Hular ce kaɗai take cewa kai wani ne. Yaran makarantar unguwa, masu takalmin katako da kai a buɗe, sun san haka sarai, shi ya sa babban wasansu shi ne su kaɗe maka ita cikin kwata su ruga.

A danginmu kaf ni ne na fara ɗora wannan hula. An ba ni gurbin ne saboda mahaifina, Albrecht Thielemann, wanda ya tafi yaƙi da ido biyu ya dawo babu ko ɗaya. Kafin yaƙi marini ne a masaƙar gari, mutumin da ake kira idan rini ya ƙi kamawa. Bayan yaƙi sai ya koma haɗa burushi da tsintsiya a ɗakinmu na ƙasa. Mutum ne mai taurin kai irin wanda ba a yi wa magani. Ƙungiyar sojojin da suka nakasa ta aiko masa da sanda da wani ƙyalle ruwan ɗorawa mai baƙaƙen ɗigo uku, na ɗaurawa a damtse don masu mota su gane, ya sa aka jefa su saman kabad. Har zuwa lokacin ban taɓa jin kalmar makaho ta fito daga bakinsa ba. Idan wani ya ɗaga murya wajen yi masa magana, sai ya ce, "Idona aka ɗauke, malam, kunnena yana nan." Doka guda ce a gidanmu, kuma kowa ya haddace ta: kada a yi masa abin da ba za a yi wa mai ido ba.

Sandarsa ni ne, tun ina shekara biyar. Yakan riƙe gwiwar hannuna mu fita, mu yi 'yan taku kaɗan sai ya ce, "Eckart, me kake gani?" Kuma ba ya karɓar amsar ganin dama.

"Rigar matar can ja ce, Baba."

"Ja? Ja kawai? Wa ya koya maka rowa? Jan bulo ne, ko jan ceri, ko jan hancin Oppermann?"

Oppermann mai raba wasiƙu ne, abokinsa tun na yarinta, kuma hancin nasa da gaske abin kwatance ne. Haka Baba ya horar da ni har na iya rarrabe ruwan toka kala bakwai a jikin kogi. A kan gadar gari muke tsayawa kullum in karanta masa ruwan. Wata rana a nan ya ce da ni, "Uwarka mutuniyar kirki ce, amma sai ta barbaɗa wa duniya sukari kafin ta miƙo mini. Kai ne kake ba ni ita yadda take." Na ji daɗin maganar nan fiye da duk wata kyauta da aka taɓa yi mini.

Ranar da za a raba sakamako, tun da sassafe ya damƙa mini kuɗin hula. "Daga makaranta ka wuce shagon Sauerbier," ya ce. "Ina so in ji ta a hannuna kafin a zuba miya." Bai san cewa tun watan Janairu makaranta ta aiko da wasiƙar gargaɗi ba, Mama ta karanta ta ita kaɗai, ta cusa ta bayan gwangwanin gari tana fatan zan farfaɗo. Ban farfaɗo ba. Latinanci ya kayar da ni, lissafi ya zo ya zauna a kaina.

Na tsaya tsallaken titi ina kallon 'yan ajinmu suna tururuwa cikin shagon Sauerbier, kowa ya shiga da ja ya fito da kore. Detlef Brinkmann, wanda muka yi shekara uku a benci ɗaya, ya fito ya cilla tsohuwar jarsa sama, ta maƙale a reshen bishiya, aka bushe da dariya. Sai da suka watse na shiga. Koriya dai ba ta sayuwa gare ni: Sauerbier ba ya miƙa sabon launi sai ya ga takarda, kuma ko da na same ta, malami na farko da ya gamu da ni a titi zai cire mini ita a gaban jama'a. Amma a tsayuwar da na yi tsallaken titi wata dabara ta zo mini, irin dabarar da ba ta zuwa wa ɗan kirki.

"Ja nake so," na ce.

Tsohon ya dube ni ta saman tabarau. "Ja? Ta kanka fa, shuɗiya ce?"

"Sabuwa nake so."

"Ikon Allah! Shekara talatin ina sayar da hula, ban taɓa ganin wanda ya faɗi ya zo yi wa faɗuwar kwalliya ba. Kai, 'ya'yan zamani! Ta kanka ai ko baki ba ta karye ba, ɗan nan. Ɗan gidan wa ne kai?"

"Thielemann."

Dariyar ta tsaya masa a maƙogwaro. Ya dube ni, ya dubi hular, ya sake dubana. Ya ɗauko jar hula sabuwa fil, ya gwada mini, ya karɓi kuɗi ba tare da ya haɗa ido da ni ba. Da ya ci gaba da zolayar da ya fi mini sauƙi.

Na tarar da Baba a bakin teburin cin abinci, ya wanke hannu, ya zauna yana jira. Na ɗora masa hular a tafin hannu. Ya shafa ƙyallen, ya bi ɗinkin da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa bakin mai sheƙi, sannan ya kai ta hanci ya shaƙa, ya yi murmushi irin wanda na daɗe ban gani ba.

"Sabon rini," ya ce. "Wane irin kore ne?"

Har yau ina cewa da ya tambaye ni ko na ci jarrabawa, wataƙila da na fashe da kuka na faɗi gaskiya. Wataƙila kuma ina yi wa kaina sassauci ne. Koren hular aji huɗu kore ne mai haske, ba shi da wani kyau. Amma na san koren da Baba yake so, wanda ya sha ba ni labarin yadda yake haɗa shi a masaƙa.

"Mai duhu ne, Baba. Kamar kwalbar giyar inabi idan an ɗaga ta a rana."

"Da ɗan shuɗi a cikinsa?"

"Ɗan kaɗan."

Ya buga tebur. "Na sani! Ashe har yanzu akwai masu hankali a sana'ar nan."

Daidai nan Mama ta shigo da tukunyar miyar wake, Irmela na biye da ita da cokula. Suka tsaya cik. Jar hula a hannun Baba, ja zur, ko daga tsallaken kogi za ka gane ta. Irmela, mai shekara takwas da baki kamar reza, ta buɗe baki, Mama ta taka mata ƙafa.

"Alwine, kin ga ɗanki?"

"Na gan shi," in ji Mama. Ta ajiye tukunyar a hankali.

Da yamma ta ritsa ni a ɗakin wanki, ta kama kunnena ta murɗe har sai da na ga taurari. "Gobe za ka gaya masa, ka ji ko ba ka ji ba? Ni ba zan faɗa ba, bakin da ya ƙulla shi zai kwance." Na ce gobe. Goben nan ta yi wata uku ba ta iso ba. Ita ma Mama, da wasiƙarta a bayan gwangwanin gari, ba ta da ƙarfin matsa mini sosai.

Abin da ban lissafa ba shi ne ranar Lahadi. Duk Lahadi bayan coci nakan raka Baba ta tsakiyar kasuwa zuwa gidan giyar da yake zama da abokansa. A ranakun baya gaisuwa kawai yake amsawa. Yanzu kuwa shi yake tare mutane.

"Oppermann! Tsaya mana, kai da ba ka da wasiƙar kaiwa yau. Ka ga koriyar?"

Oppermann ya dubi kaina. Hancinsa da hulata launi ɗaya. Ya yi tari, ya sake yin tari.

"Na gani, Albrecht. Ta... ta zauna masa daram."

"Aji huɗu ke nan! Ɗan mai tsintsiya! Kai naka ɗan wace hula yake sawa, ta barci?"

"Kai dai ba ka da dama, Albrecht," in ji Oppermann, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya harare ni ta gefen ido ya wuce.

Kafin Lahadi ta uku gari duk ya ɗauka. Babu wanda ya kira taro, babu wanda ya ce a yi shiru, amma kowa ya yi. Matar mai burodi har gaba take yi da kanta: "Kai, Malam Thielemann, koren nan ya karɓi yaron!" Sannan ta juya ta share ido da gefen rigar aikinta. Malamin Latinanci da kansa, wanda ya kayar da ni, Baba ya tare shi a ƙofar coci ya yi masa godiya. Na cire hula na gaishe shi kamar yadda doka ta ce. Mutumin ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Yaron yana da basira, idan ya ga dama," ya sa kai ya tafi.

Kunyar makaranta ba komai ba ce kusa da wannan. Zama da ƙananan yara a aji, gwiwoyina na dukan benci, wannan na iya haɗiye shi. Amma duk Lahadi ina tafe da mahaifina riƙe da hannuna, kansa a sama, gari guda yana lallaɓa shi kamar mai ciwon hauka, kuma ni na jawo. Dokarsa guda ɗaya tak, na sa mutum dubu sun karya ta. Don in rage wa kaina nauyi sai na riƙa zuba masa gaskiya a kan komai har ta yi yawa. A kan gada in ƙirga masa agwagi, in gaya masa wadda take ɗingishi. "Kai, yaron nan idonka sai ƙara kaifi yake," ya ce wata rana. Na ji kamar in faɗa kogin.

A watan Yuli aka yi bikin maharba, wanda ake yi shekara-shekara a filin bayan gari: rumfuna, 'yan badujala, lilo mai juyawa, hayaƙin tsiran alade ko'ina. Mutanen ƙauyuka sun cika filin maƙil, har sai da aka aro 'yan sanda daga wani gari. Mama ta tsaya gida da Irmela mai fama da mura. Ni da Baba muka tafi da rana tsaka.

Muna cikin kutsawa na hango su Detlef Brinkmann su shida suna tahowa, koraye reras, da 'yan mata biyu a tsakiyarsu. Na san abin da zai faru: Baba zai ji muryoyinsu ya kira su, ya tambaye su yadda ɗansa yake ƙoƙari a ajinsu, a gaban 'yan matan. Zuciyata ta ce ba za ta iya ba. Na ja shi zuwa wani benci kusa da mai tsire, na ce ya zauna in sayo mana lemo. Na zagaya bayan wata rumfa, na cire hular na cusa a hammata, na laɓe.

Niyyata minti biyar. Amma a bayan rumfar nan babu wanda ya san ni, babu wanda yake kallon kaina, kuma rabona da in ji iska haka tun Ista. Na tsaya kallon masu harbin tsuntsun katako da aka kafa a kan dogon sanda. Aka harbe fiffike, aka harbe wutsiya. Ban san lokacin da kusan awa guda ta wuce ba.

Da na dawo babu benci, babu Baba. An kwashe kujerun wajen don 'yan badujala su wuce. Na kifa hular a kai ba tare da tunanin komai ba na fara gudu ina leƙa rumfuna. Can wajen ƙofar fili na ga mutane sun yi da'ira.

Yana tsaye a tsakiya, hannayensa a sake, ba sanda, ba kowa a gwiwarsa. Ban taɓa ganinsa tsaye shi kaɗai a fili ba, sai na ga ashe mutum ne mai ƙaramin jiki. Kusa da shi wani ƙaton ɗan sanda baƙo, mai gashin baki kamar burushin da muke haɗawa, yana share gumi. A gabansu an jera yara huɗu masu koriyar hula, har da Detlef.

"Wannan fa, maigida?" in ji ɗan sandan. "Kai, faɗi sunanka."

"Detlef Brinkmann."

"Ba shi ba ne," in ji Baba. "Na gaya maka, yallaɓai: shekara goma sha uku, kunnuwa kamar hannun kofi, koriyar hula. Kore mai duhu, da ɗan shuɗi a ciki. Brinkmann, kai ai ajinku ɗaya, ba ka gan shi ba? Ba ya barina haka. Wani abu ne ya same shi."

Detlef ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Yaron da ya fi kowa baki a makaranta, ya ce, "Ban gan shi ba, Malam Thielemann." Ko shi bai tona ni ba. A cikin da'irar na hango Oppermann, na hango matar mai burodi, da wasu fuskoki goma da na sani, kowa ya san hular da ya kamata a nema, kowa ya kame bakinsa.

Na kutsa ciki. Ɗan sandan ya tare ni da hannu ɗaya a ƙirji.

"Kai mai ja, koma baya! Ba kallo ake ba. Kore muke nema."

"Babana ne."

"Na ce ka matsa!"

"Baba," na ce. "Ni ne."

Fuskarsa ta juyo wajena nan take, ta saki gaba ɗaya. "Shi ne! Eckart, ina ka shiga? Lafiya kake?"

Ɗan sandan ya dube ni, ya dubi Baba, ya tura hularsa baya. Ba mugu ba ne, baƙo ne kawai, ba wanda ya gaya masa yadda ake yi a garinmu.

"Haba, maigida! Ka sa ni ina ta tsinko koraye kamar mai tsinkar alayyahu, ashe yaron naka jar hula ce a kansa. Ja zur, kamar tumatir! Da ka faɗa tun farko ai da tuni na kamo maka shi."

'Yan badujala suna can suna ta busa, amma a cikin da'irar nan ko numfashi ba ka ji. Baba ya miƙo hannu, ya lalubo kafaɗata, ya hau zuwa kaina. Ya bi ɗinkin hular da babban yatsa, kamar ranar farko. Sai Oppermann ya yi tarin nan nasa. Daga baya kuma matar mai burodi ta ce, "Allah sarki," a hankali, amma kunnen Baba yana nan, kamar yadda ya sha faɗa. Na ga kansa ya juya wajen tarin, ya juya wajen muryar matar, ya bi da'irar kaf kamar mai ƙirga mutane. Ina kallon fuskarsa lokacin da ya gane cewa ba ni kaɗai ba ne.

Na jira mari. Na roƙi Allah ya mare ni a gaban kowa.

Sai ya sauke hannunsa, ya juya wajen ɗan sandan, ya ɗan rusuna.

"Laifina ne, yallaɓai, ka yi haƙuri na wahalar da kai. Yaron ya gaya mini ja ce, ni na rikita. Makaho ne ni. Ina makaho ina sanin launi?"

Ɗan sandan ya yi dariyar tausayi, ya dafa kafaɗarsa, ya kai baki kusa da kunnensa ya ɗaga murya: "Ba komai, baba! A riƙa kula dai!" Baba bai ce masa kunnensa yana nan ba. Ya ce, "Na gode."

Ya kama gwiwar hannuna muka fito. Mutane suka buɗe mana hanya. Tafiyar rabin awa ce zuwa gida. Da muka hau gada na rage sauri a inda muka saba tsayawa. Bai tsaya ba. Na ce, "Baba, ruwan yau ruwan toka ne mai ɗan..."

"Kula da hanya," ya ce.

A gida ya zauna a bakin tebur ya yi mini tambaya guda. "Su wa suka sani?"

"Kowa, Baba."

"Alwine?"

Mama ta fashe da kuka a bakin murhu. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa farashin dankali, ya tashi ya lalubi bango ya sauka ɗakin aikinsa. Har yamma muna jin ƙarar almakashinsa yana daidaita bakin burushi. Na sauka sau biyu na tsaya a ƙofa da jawabin da na shirya. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Na ji. Ka je ka yi Latinancinka." Ba da faɗa ya faɗa ba. Bai taɓa yi mini faɗa a kan maganar ba, ko sau ɗaya, har ya bar duniya.

Washegari ya sa Irmela ta hau kujera ta sauko masa da sandar nan da ƙyallen ruwan ɗorawa daga saman kabad. Ya kaɗe ƙurar, ya ɗaura ƙyallen a damtse da kansa, ya fita shi kaɗai yana ƙwanƙwasa duwatsun titi. Na bi shi daga nesa har kasuwa, ina kallo yana karo da kwandunan mutane, ana janye yara daga gabansa. Teburin abokansa na Lahadi kuwa bai sake zama a kansa ba. Oppermann ya zo gida sau uku, Baba ya karɓe shi da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo.

Shekarar nan na yi karatu kamar zan mutu. Safar ulu ta ci gaba da ƙaiƙayi, yaran unguwa suka ci gaba da kaɗe mini jar hula cikin kwata, ni kuwa ko a jikina. Abu ɗaya na sa a gaba. Na ɗauka, da wautar ɗan shekara goma sha huɗu, cewa abin da hula ta ɓata hula za ta gyara.

Istar 1928 na zo na uku a aji. Sauerbier ya karanta takardata har sau biyu, ya ɗauko koriya ya ɗora mini da hannunsa, ya ce, "Maza gida." Na yi gudu har numfashina na sarƙewa. Na tarar da Baba a bakin tebur, na ɗora masa ita a tafin hannu.

Ya shafa ƙyallen. Ya bi ɗinkin da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa bakin, ya kai ta hanci. Na tsaya a gabansa da amsata a kan harshe. Tun daga shago nake gyara ta, kalma bayan kalma, babu sukari ko ƙwaya ɗaya.

Ya ɗaga kai ya yi kira wajen madafa.

"Irmela! Zo ki gaya mini launin hular nan."

Ta fito da cokali a hannu, ta dube ni, ta kawar da kai. "Koriya ce, Baba."

"Wane irin kore?"

"Kore dai."

"To, madalla," ya ce, ya miƙo mini hular. "Allah ya sa albarka. A zuba miya."

Bayan 'yan shekaru sabuwar gwamnati ta hana sa hulunan gaba ɗaya, aka ce suna raba 'ya'yan ƙasa, aka ba kowa riga iri ɗaya ruwan ƙasa. Wannan wani labarin ne, kuma ya fi nawa muni. Baba bai kai ga ganin ƙarshensa ba. Shekara shida ya ƙara a duniya, muna gida ɗaya, muna cin abinci a tebur ɗaya, yana yi mini addu'a duk safiya. Bai sake tambayata me nake gani ba.

Koren hular nan mai haske ne, irin na ɗanyen wake da aka ɓare yanzu, babu ko ɗigon shuɗi a cikinsa, kuma rinin bai kama sosai ba ta wajen ɗinki. Abin da na shirya gaya masa ke nan a ranar.